Cyclops Blink: Na'urar Tsaron da Ta Duba Gurɓatacciyar Manhaja Ta Ce Lafiya Lau

Ranar 23 ga Fabrairu, 2022, ana gobe Rasha za ta afka wa Yukren, hukumar tsaron intanet ta Birtaniya, NCSC, da hukumomin Amurka uku, wato CISA da NSA da FBI, suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa kan wata muguwar manhaja da aka sa wa suna Cyclops Blink. Sun ce tun aƙalla watan Yunin 2019 take zaune a cikin na'urorin Firebox na kamfanin WatchGuard da ke birnin Siyatil na Amurka. Firebox ɗan jan akwati ne da ake girkawa tsakanin kwamfutocin ofis da intanet, aikinsa ya tace abin da ke shiga da abin da ke fita. Na'urar da aka saya don ta yi gadi ita 'yan kutse suka mayar masauki.

Shiga na'urar tsaro ba sabon labari ba ne. Abin da ya sa wannan lamari ya cancanci a zauna a kansa shi ne, Firebox ba ta rasa hanyar tantance manhajarta ba. Duk sabuntawar da aka kawo mata sai ta duba kafin ta karɓa. Ta kuwa duba, lissafi ya fito daidai, ta girka gurɓatacciyar manhaja da kanta, mai ofis yana can yana ganin ya sauke nauyi tunda ya sabunta na'urarsa.

Daga VPNFilter zuwa wannan

Hukumomin sun ɗora alhakin a kan ƙungiyar 'yan kutsen da ake kira Sandworm, wadda suka ce rukuni ne mai lamba 74455 a hukumar leƙen asirin sojan Rasha, GRU. Su ake zargi da katse wutar lantarki a Yukren a Disambar 2015, da kuma sakin muguwar manhajar NotPetya a 2017.

Kafin Cyclops Blink akwai VPNFilter, wata muguwar manhaja da ita ma ake dangantawa da su. A watan Mayun 2018 masu bincike na Cisco Talos suka bayyana cewa ta kama aƙalla na'urori 500,000 a ƙasashe 54, galibinsu rautocin gida (akwatunan da ke raba intanet) da na ƙananan ofisoshi da akwatunan ajiyar bayanai. Hawa uku gare ta. In aka kashe na'ura aka kunna, hawa na biyu da na uku su ɓace, na farko ne kawai ke saura, shi kuma sai ya sake neman iyayen gidansa ta wasu hotuna da aka ɗora a shafin ajiye hotuna na Photobucket, in bai same su ba ya nemi adireshin toknowall.com. FBI ta sami izinin kotu ta ƙwace wannan adireshi, sannan ta roƙi jama'a su kashe rautocinsu su kunna. Da haka aka karya lagon VPNFilter.

Shekara guda da 'yan kai sai ga magajiyarta, kuma da gani an koyi darasi. Babu adireshi guda da za a ƙwace. An rarraba na'urorin da aka kama rukuni-rukuni, kowane rukuni da nasa jerin adiresoshin da yake karɓar umarni daga gare su, su kuma waɗannan masu ba da umarni ba wasu kwamfutoci ba ne a Mosko, na'urorin Firebox ne na bayin Allah da aka riga aka kame. Kashewa da kunnawa ba ya korar ta. Sabunta manhaja ma ba ya korar ta, kuma nan ne gizo ke saƙar.

Ƙofar da aka shiga ta ita ce ta gudanar da na'ura daga nesa. Yadda Firebox ke fitowa daga kamfani, wannan ƙofa a rufe take ga mutanen waje, amma masu kula da na'urori da yawa kan buɗe ta ga duk intanet don su huta da zuwa ofis. A gefe guda kuma akwai wani rauni a Fireware, manhajar da ke tafiyar da Firebox, wanda daga baya aka ba lamba CVE-2022-23176, da ke bai wa mai ƙaramin izini damar zama mai cikakken iko. WatchGuard ya ce kusan kashi 1 cikin 100 na na'urorinsa da ke aiki abin ya shafa.

Abin da ta yi wa fayilolin

Rahoton NCSC ya warware manhajar dalla-dalla. An gina ta ne don Linux, a kan ƙwaƙwalwar PowerPC da ƙananan Firebox ke amfani da ita, kuma sassa huɗu ta zo da su: mai tattara bayanan na'ura, mai saukewa da ɗora fayiloli, mai riƙe jerin adiresoshin umarni, da mai tabbatar da cewa ba a kore ta ba. Ana iya turo mata ƙarin sassa tana cikin aiki.

Da ta tashi, sai ta canza sunanta a jerin ayyukan da ke gudana ta koma kworker:0/1. Duk wanda ya saba da Linux ya san wannan suna, ayyukan cikin gida na tsarin kansa ne ke amsa shi, kuma da yawa suke. Sai dai na gaske ana rubuta su kamar kworker/0:1. An musanya wurin alamar / da ɗigo biyu (:) kawai. Idon da ya gaji ba zai taɓa tsayawa a kai ba. Daga nan ta gyara dokokin tace hanya na na'urar domin ta buɗe wa kanta ƙofofin fita, ta rufe zancenta da TLS, irin rufin da ake yi wa hulɗa da shafin banki.

Sashe na huɗu shi ne gwanin. A cikin Firebox akwai wani fayil mai suna install_upgrade, shi ke girka sabuwar manhaja. Cyclops Blink ta kwafe na gasken ta ajiye da suna install_upgraded, harafi ɗaya ta ƙara, sannan ta zauna a mazauninsa. Ranar da mai na'ura ya sauko da sabuntawa ta halal daga WatchGuard, hannun da ke karɓar ƙunshin na ɓarawo ne. Sai ta kwance ƙunshin, ta saka kwafinta da suna cpd, ta ƙara ɗan rubutun umarni mai suna S51armled wanda zai tashe ta duk lokacin da aka kunna na'ura. Sunayen an zaɓe su ne su yi kama da na kamfani. Ta gyara kwanan watan sababbin fayilolin ya dace da na tsofaffi. Ta sake ɗaure ƙunshin. Sannan ta miƙa shi ga mai girkawa na gaske.

Saura abu ɗaya, tantancewar da mai girkawa ke yi kafin ya karɓa.

Makullin da aka bari a cikin akwati

Hanyar gane an taɓa fayil tsohuwa ce. Ana bi da fayil ta wani lissafi, irin su SHA-256, ya fitar da gajeriyar lambar shaida mai bayit 32. In aka canza ko harafi ɗaya a fayil ɗin, lambar ta canza gaba ɗaya. Sai a adana lambobin fayiloli tun suna da tsabta, a riƙa sake lissafawa ana gwadawa. A kan wannan Gene Kim da Eugene Spafford suka gina Tripwire a jami'ar Purdue a 1992, kuma tun a lokacin suka ja kunne cewa a ajiye jerin lambobin a inda ba a iya rubutu a kai. Dalili a fili yake. Lissafin ba sirri ba ne, wanda ya iya canza fayil zai iya lissafa sabuwar lamba ya maye gurbin tsohuwa.

Don toshe wannan aka ƙirƙiro HMAC, inda ake cuɗa lissafin da wani makullin sirri, ta yadda wanda ba shi da makullin ba zai iya fitar da lambar da za ta dace ba. Shi WatchGuard ya yi amfani da shi wajen tantance ƙunshin sabuntawa. Amma HMAC yana da wata ɗabi'a: makullin da ake bugawa da shi, shi ne dai makullin da ake dubawa da shi. Tunda na'ura ce za ta duba, dole makullin ya kasance a cikinta. NCSC ta ce an dasa shi ne a jikin manhajar Firebox. Sandworm suka tono shi, suka fahimci yadda ake lissafin, suka koya wa Cyclops Blink. Bayan ta gama cusa kanta a ƙunshin, sai ta lissafa sabon HMAC ta liƙa.

Kamar a ce mai gadin ƙofa ba ya barin takarda ta wuce sai da hatimin shugaba, amma don ya riƙa gwadawa sai aka ba shi hatimin kansa ya ajiye a aljihun teburinsa, maimakon a ba shi samfurin bugunsa. Duk wanda ya kai ga teburin ya zama shugaba.

Akwai hanyar da ba ta da wannan aibi, kuma ba sabuwa ba ce: sa hannu da makulli biyu. Kamfani ya riƙe makullin sirri a wurinsa, da shi yake sa hannu. Na'ura kuma a ba ta makullin fili, wanda dubawa kawai yake iya yi. Ɗan kutse ya tono shi ya yi ta kallo, ba zai iya ƙirƙirar sa hannu da shi ba. Ga wanda zai ce na'urar ƙarama ce, makullin fili na tsarin Ed25519 bayit 32 ne, sa hannun kuma bayit 64. Dubawar ba ta ɗaukar ko daƙiƙa guda a kan ƙwaƙwalwar rauta, kuma sau ɗaya ake yin ta a kowace sabuntawa.

Amma kada a ɗauka sa hannu kaɗai zai kashe maganar. Cyclops Blink ta riga ta zauna a kujerar mai girkawa. Da sa hannun ya gagare ta, tana iya cire dubawar baki ɗaya, ko ta jira a gama girkawa ta rubuta kanta a kan sabuwar manhajar kafin na'ura ta sake tashi. Aibin da ya fi na HMAC girma shi ne, fayilolin tsarin na'urar suna karɓar rubutu daga duk wanda ya sami cikakken iko, kuma babu wani abu a ƙasa da su da zai tambaye su lokacin tashi. A ganina wannan shi ne ainihin darasin lamarin. Mai duba da abin dubawa da ma'aunin dubawa duk suna ɗaki ɗaya, ɗakin kuma ɓarawo ya riga ya shiga.

Sauran alamomin da mutane kan dogara da su ma ba su da wani nauyi. Kwanan watan fayil, mun ga an gyara shi cikin sauƙi. Girman fayil ma haka. A 2015 kamfanin Mandiant ya gano SYNful Knock a rautocin Cisco guda 14 a Yukren da Filifin da Meziko da Indiya, inda aka rubuta muguwar manhaja a kan wasu sassan da ba a cika amfani da su ba, girman fayil ɗin bai ƙaru da ko bayit ɗaya ba.

To ina ƙarancin ƙarfi ya shigo?

Ana yawan cewa ƙananan na'urori ba su da ƙarfin bincikar kansu. Akwai gaskiya a ciki, amma ba a inda ake zato ba. Lissafin lambar shaida ba shi ne mai tsada ba. Fayil 5,000 a kan bayit 32 kowanne bai wuce kilobayit 160 ba, ban da sunaye. Rautar ASUS RT-AC68U, ɗaya daga cikin waɗanda wannan manhaja ta shafa, tana da megabayit 256 na ma'adanar aiki (RAM) da 128 na filash, inda ake ajiye fayiloli. Wuri ba matsala ba ne.

Matsalolin na gaske wasu ne. Ƙwaƙwalwar na'urar tana fama da tura bayanai dare da rana, in aka ce ta karanta duk fayilolinta a kai a kai, intanet ɗin ofis zai yi nauyi, mai ofis kuma shi wannan yake gani. In aka tsawaita tazarar bincike, an bar wa ɗan kutse fili ya canza fayil, ya yi aikinsa, ya mayar da na gaske kafin zagaye na gaba. Ma'adanar filash tana da iyakar rubutun da take ɗauka kafin ta lalace, shi ya sa irin waɗannan na'urori kan ajiye tarihin abin da ya faru a ma'adanar aiki, wadda ke gogewa da zarar wuta ta ɗauke. Da yawansu ba su da batirin agogo, sai sun hau intanet suke sanin ƙarfe nawa. Ba su da allo. Mai su ba shi da izinin leƙa cikinsu, balle ya girka musu manhajar riga-kafi irin ta kwamfuta. Ko da na'urar ta gano an taɓa ta, wa za ta gaya wa? Akwati ne a saman kabad wanda ba a tuna shi sai intanet ya tsaya.

Sannan akwai mugayen manhajojin da ba ruwansu da fayil. Mirai, wadda ta yi ɓarna a 2016 da kyamarori da rautoci, takan goge fayil ɗinta da zarar ta tashi, ta zauna a ma'adanar aiki kawai. Mai binciken fayiloli zai duba ya ga komai daidai. Bambancin shi ne ita kashewa da kunnawa na korar ta. Duk manhajar da ke son ta kwana ta tashi a cikin na'ura, dole ta rubuta wani abu a wani wuri, kuma wannan rubutun shi ne damar mai tsaro.

Hanyoyin cin wannan dama da ƙaramin ƙarfi suna nan, an daɗe da sanin su. Linux yana da dm-verity, wanda ke cikin kwamfutocin Chromebook, Android kuma ta fara ɗaukarsa tun sigar 4.4 a 2013. Maimakon a bi fayiloli ɗaya bayan ɗaya, ana yanka ma'adanar gida-gida, galibi bayit 4,096 kowane gida, a lissafa lambar kowanne, a haɗa lambobin a sake lissafawa, hawa-hawa har a kai ga lamba guda a ƙoli, ita kamfani zai sa wa hannu. Ba a duba gida sai lokacin da aka zo karanta shi. Nauyin ya rarrabu ke nan, ba a jin sa, kuma babu tazarar da ɗan kutse zai laɓe a ciki. Da fayilolin Firebox na ƙarƙashin irin wannan, maye gurbin install_upgrade da ya tona kansa a karatun farko.

Ita kuma lambar ƙolin, wa zai duba ta? Manhajar tashi. Manhajar tashin fa? Wata 'yar manhaja da aka ƙona a jikin ƙwaƙwalwar tun a masana'anta, tare da shaidar makullin fili, wadda ba a iya sake rubuta ta. Kowane mataki ya duba na gaba kafin ya miƙa masa ragama. Akwai kuma IMA, da ke cikin Linux tun 2009, wanda ke auna kowane fayil lokacin da za a tashe shi, ya zuba ma'aunin a ɗan guntun tsaro na TPM inda ba a iya gogewa, ta yadda wata kwamfuta daga waje za ta iya tambaya ta sami amsar da na'urar ba ta iya ƙirƙira. Ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar da tsarin irin wannan shaida daga nesa a takardar RFC 9334 a Janairun 2023.

Ba kyauta ake samun waɗannan ba. TPM ƙarin kuɗi ne a kan na'urar da ake rige-rigen karya farashinta. Kulle manhajar tashi kuma yana hana mai rauta girka tsarin da yake so, irin su OpenWrt, wanda sau da yawa shi ne ke raya na'urar da kamfaninta ya daina kula da ita. Wannan ƙorafi ne mai tushe, ban raina shi ba. Amma a na'urar da ake sayar wa ofisoshi da sunan tsaro, wannan uzuri ba ya tsayawa.

Hujja mafi ƙarfi cewa ƙarfin na'ura ba shi ne cikas ba ta fito daga WatchGuard kansa. Sabuwar Fireware da ya fitar bayan tonuwar lamarin ta zo da binciken sa hannu, a lokacin tashi da kuma kafin kowace sabuntawa, in binciken tashi ya faɗi na'urar ta ƙi ci gaba da aiki. A kan akwatunan da suke hannun mutane aka girka ta, ba sababbi aka ƙera ba.

Yadda aka gano, da yadda aka wanke

Ba na'ura ce ta yi ƙara ba. FBI ce ta sanar da WatchGuard a ƙarshen Nuwambar 2021, wajen shekara biyu da rabi bayan manhajar ta fara aiki. Daga waje aka hango abin.

Nan akwai abin da ba za a tsallake ba. Raunin da ake jin ta shi aka shiga, WatchGuard ya toshe shi tun watan Mayun 2021, amma bai fito ya faɗi girmansa ba, bayanin sabuntawar ya tsaya ne a kan cewa an gyara wasu matsalolin tsaro da aka gano a cikin gida. Sai a 2022 aka san lambarsa, hukumar CISA kuma ta saka shi a jerin raunukan da ake amfani da su wajen kai hari a watan Afrilu. Kamfanin ya sha suka a kan wannan. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai kula da na'urori ɗari ba ya gaggawar sabuntawar da ba a ce masa ta gaggawa ba ce. Wanda kuma aka riga aka kama, ko ya sabunta a Mayun 2021 bai tsira ba, don Cyclops Blink ce za ta karɓi ƙunshin ta bi shi ciki.

Ranar sanarwar, kamfanin ya fitar da kayan bincike da matakai huɗu: ganowa, wankewa, karewa, da bin diddigi. Ɗaya daga kayan binciken shafin intanet ne da ake ɗora wa fayil ɗin rahoton lafiyar na'ura, ya duba ko akwai alamun da aka sani. Ya yi amfani. Sai dai a lura, na'urar da ake zargi ita ce ke rubuta rahoton. Ya yi aiki ne saboda Cyclops Blink ba ta shirya wa wannan tambaya ƙarya ba, ba don ba za ta iya ba. Shekara biyu bayan haka aka ga ɗaya fuskar: a ƙarshen Fabrairun 2024 CISA ta yi gargaɗin cewa manhajar binciken fayiloli da Ivanti ya bai wa masu na'urorinsa na Connect Secure ta kasa gano kutse a wasu lokuta, don 'yan kutsen sun san da ita, sun kuma yi mata shiri.

Wankewar ta fi koyar da darasi. Ba a ce wa mutane su sabunta kawai ba. Cewa aka yi su tashi na'urar ta yanayin ceto, wato ta wata 'yar manhaja daban wadda ba ta bi ta gurɓataccen tsarin ba, su sake girka Fireware daga kwamfuta, su canza duk kalmomin sirri da makullan da na'urar ta taɓa riƙewa, su rufe ƙofar gudanarwa daga waje. Ma'ana, sai da aka sami wurin tsayawa da ba na ɓarawo ba kafin a iya yarda da komai.

Ofishin da ba shi da ikon canza yadda aka ƙera na'urarsa yana da irin wannan wurin tsayawa guda ɗaya, shi ne layin intanet. Na'ura na iya ƙarya game da fayilolinta, amma bayanan da take turawa dole su bi ta layi. Na'urar tsaro irin Firebox da ke buɗe hulɗa da kanta zuwa baƙin adiresoshi ta ƙofofi irin su 636 da 989 da 8443, waɗanda ke cikin jerin da NCSC ta wallafa, abin tambaya ce, muddin akwai wata na'ura daban da ke kallon layin, kuma ana tura tarihin aiki zuwa wata kwamfuta maimakon a bar shi a cikin akwatin.

ASUS

A tsakiyar Maris 2022 kamfanin Trend Micro ya ba da rahoton wani nau'in Cyclops Blink da aka gina don rautocin ASUS. Wannan yana da sashen da ke karantawa da rubutu kai tsaye a ma'adanar filash, ƙasa da matakin fayiloli, abin da masu binciken suka ce zai iya sa ta tsira ko an mayar da rauta yadda ta fito daga kamfani. Madannin nan na baya da ake dannawa da tsinke saituna yake gogewa, ba ya sake rubuta manhaja. Mai binciken da fayiloli kawai yake bi ba zai ga abin da aka rubuta a wajen tsarin fayiloli ba.

Trend Micro ya ga waɗanda abin ya shafa a Amurka da Indiya da Italiya da Kanada da wasu ƙasashe, har da Rasha kanta. Cikin na'urorin da aka mayar masu ba da umarni akwai ta wani ofishin lauyoyi a Turai, da ta wani kamfanin kayan aikin likitocin haƙori a kudancin Turai, da ta wani mai gyaran famfo a Amurka. Ba don sirrinsu aka kama su ba. Na'urarsu da layinsu ake so.

Da FBI ta shiga da kanta

An yi sanarwa, an ba da kayan bincike kyauta, an yi ta shela. Zuwa tsakiyar Maris, a cewar Ma'aikatar Shari'ar Amurka, mafi yawan na'urorin da aka kama tun farko suna nan da cutarsu. Ba abin mamaki ba ne. Mai gyaran famfo ba ya karanta sanarwar CISA, na'urarsa kuma ba ta nuna masa wata alama ba.

Ranar 18 ga Maris wata kotun tarayya a yammacin jihar Fensilbeniya ta bai wa FBI izini. Hukumar ta yi amfani da hanyar umarnin manhajar kanta ta isa ga na'urorin da ke ba da umarni, ta tabbatar da lambar kowacce, ta kwafi muguwar manhajar, ta cire ta, ta rufe ƙofar gudanarwa daga waje. Babban lauyan gwamnati na lokacin, Merrick Garland, ya bayyana aikin ranar 6 ga Afrilu, 2022. Gwamnati ta shiga na'urorin mutane ba da saninsu ba ke nan, kuma ko da izinin kotu, wannan magana ce mai zaman kanta da ba a gama muhawara a kanta ba.

Aikin ya raba Sandworm da rundunarta, amma yana da iyaka, ma'aikatar ma ta faɗa. Dubban na'urorin da ke ƙarƙashin masu ba da umarnin, a ƙasashe daban-daban, ba a taɓa su ba, manhajar na cikinsu sai dai ta rasa wanda za ta ji daga gare shi. Rufe ƙofar da FBI ta yi ma ba na dindindin ba ne: da zarar mai na'ura ya kashe ta ya kunna, ƙofar za ta koma a buɗe yadda ya bar ta, sai in shi da kansa ya bi matakan wankewa ya girka sabuwar manhaja.